Silin Ɗakin Inna

Duk unguwar ba wanda ke kiransa da komai sai Mai Fenti. A cikin gida kuwa Auta ne, ko da yake furfura ta fara cin gefen kansa, 'ya'yansa kuma sun kusa kamo shi tsawo. Mutum ne dogo siriri, mai ɗan sanƙararren wuya, irin wanda tsayuwa kan tsani da kallon sama ke bar wa mutum. Ko wanka nawa ya yi, sai ka tsinci ɗigon fari a kunnensa ko a girarsa. Matarsa, wadda tela ce, takan ce tunda aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ganin ainihin launin farcen mijinta ba.

Yana ƙarami mahaifinsu ya rasu, wansa ya riƙe gidan. Yaya ne ya sa shi makaranta. Da karatu ya ƙi shiga kansa, Yaya ne ya ja hannunsa ya damƙa shi ga wani tsohon mai fenti ya koyi sana'a. Yaya ne ya tsaya a aurensa. Da Allah ya buɗa wa Yaya a cinikin tayoyin mota, ya gina bene, ya hau sama da iyalinsa, ya ce Auta ya zauna a ƙasa. Bai taɓa yi masa gori ba, a faɗi gaskiya. Yaya mutumin kirki ne, sai dai irin kirkin nan ne da ba ya tsayawa ya tambaye ka me kake so. Shi ya sa Auta ya tashi da amsa ɗaya a bakinsa, ko an ce dama ko an ce hagu: "To, Yaya."

Abu guda ne a duniya Auta yake da shi wanda ba Yaya ne ya ba shi ba, shi ne zaman mahaifiyarsu a wurinsa. Ranar da aka tare a benen, Yaya ya gyara wa Inna ɗaki mafi kyau a sama, mai taga biyu. Inna ta tsaya gindin matakala, ta dube ta daga ƙasa har sama, ta dafa gwiwa.

"Ni da waɗannan ƙafafun za ku rataye a can kamar tantabara? Ku bar ni wajen Auta."

Aka bar ta. Ta zauna a ɗakin kusurwa, kan tsohon gadonta na ƙarfe. Bayan 'yan shekaru ta zame a tsakar gida ta karye a ƙugu, tun daga nan tsayuwa ta gagare ta sai an tallafa. Auta ne ke tada ta zaune da safe kafin ya fita, ya mulke mata ƙafa da man zafi. Da yamma ya dawo ya zauna bakin gadon, ya ba ta labarin gidajen da ya shafa, da masu gidan da ke cewa shuɗi da safe su ce kore da rana. Ita kuwa ta yi ta yi musu shaƙiyanci tana dariya har tari ya sarƙe ta. Yana son wannan zaman fiye da yadda zai iya faɗa, kuma kullum yana tsoron ranar da za a raba shi da shi.

Tsoron nan ba na banza ba ne. Yaya bai taɓa haƙura ba. Mutane na magana, wai mai bene guda ya bar uwarsa a ƙasa kusa da ƙarar keken ɗinki. Duk sanda ya sauko gaisuwa sai idonsa ya zagaye ɗakin. Yau ya ce akwai sauro, gobe ya ce zafi ya yi yawa, jibi ya ce taga ta yi ƙanƙanta. Ya ƙare da cewa, "Inna, ɗakinki fa na nan a sama." Inna ta kawar da zancen. Auta dai ya sani, dalili kawai Yaya ke jira, mai ƙarfin da Inna ba za ta iya kawar da shi ba.

Dalilin ya zo wata safiya, a kan silin. Auta na mulke ƙafar Inna ya ɗaga kai, yadda ya saba a kowane ɗaki, sai ya ga tabo kamar tafin hannu, ruwan ƙasa-ƙasa, gefensa ya fi duhu, dab da inda fanka ke rataye. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan tsani ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ba damina ake ba. Silin ɗin allo ne da aka kafa a ƙarƙashin rufin siminti, a saman simintin kuwa banɗakin Yaya ne.

A wurin aiki akwai wani mai gyaran famfo da suka daɗe suna haɗuwa a gine-gine, ana ce masa Gajere. Auta ya same shi yana liƙa bututu, ya tsuguna kusa da shi kamar hira ce ta kawo shi.

"Wai in tabo ya fito a silin, banɗaki na sama, me ake yi?"

"Fasawa ake yi," in ji Gajere, bai ko ɗago ba. "A ɗaga tayil, a fasa daɓe, a bi bututu har a ga inda ya saki. Na ƙasa kuma ya kwashe kayansa, a sauke silin, a bar wurin ya sha iska. Gidan wa?"

"Wani ne."

"To ka ce wa wanin, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ruwa ba ya gajiya, shi zai gaji."

Auta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Abin da ya ji a duk maganar ɗaya ne: na ƙasa ya kwashe kayansa. In aka kwashe Inna, sama za a kai ta, kuma ya san wansa. Abin da ya hau benen nan ba ya saukowa.

Ranar da direban Yaya ya kai Inna asibiti ganin likita, Auta ya ƙi fita aiki. Ya shimfiɗa leda kan gadon, ya kafa tsani, ya shafe tabon da farin fentin ruwa. Aikin ɗan lokaci ne a wurinsa. Kafin a dawo da ita silin ya koma fes. Warin fenti kuwa, a gidan mai fenti wa zai tambaya?

Ba a jima ba tabon ya ɓullo ta cikin sabon fentin, ya ƙara faɗi, ya yi ƙani a gefe. Auta ya sake shafawa. Ya sake ɓullowa. Sannan ne ya yi abin da sai mai fenti ne zai yi tunaninsa, kuma sai gwanin mai fenti ne zai iya. Ya goge silin ɗin gaba ɗaya, ya bi duk tsagar da ke tsakanin allunan ya toshe da foti, ƙullun cike tsaga, ya bi bakin bango ya toshe, har zagayen ƙarfen fanka bai bari ba. Sannan ya kawo fentin mai, mai kauri, irin wanda ruwa ba ya ratsawa, ya shafa ya bari ya bushe, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Da ya gama silin yana ƙyalli kamar sabon kwano.

Da wani ne mara sana'a, da ya bar abin ya yi ta ɗiga, ya tara roba, ɗigar ta dame shi har ya nemi mai gyara. Auta kuwa bai bar wa ruwan ko ƙofar allura ba. Ya tsaya ƙasa ya ɗaga kai ya yaba aikinsa, ya manta cewa ruwan da bai sauko ba yana nan inda yake.

Matarsa ce ta fara tare shi. Ta same shi a bayan gida yana wanke burushi da kananzir, ta tsaya a kansa da tef ɗin awo a wuya.

"Baban yara, me ke saman ɗakin Inna?"

"Fenti."

"Na ga fenti, ba makauniya ba ce ni. Jiya na ɗauko zanenta a sif, duk ya yi fumfuna. Bangon bayan sif ɗin in ka dafa, sanyi kamar randa. Ka gaya wa Yaya?"

"Ina lura da shi."

"Lura! Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, wallahi. Bututunsa ne, banɗakinsa ne, kai mene ne naka na ɓoyewa?"

Ya ci gaba da murza burushin. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Zai ɗauke ta."

Ta san gaskiya ne, kuma ta san abin da tsohuwar take a wurinsa. Ta juya za ta tafi, ta waiwayo. "Ni dai na faɗa. In ya ɗauke ta da rai ai da sauƙi."

Maganar ta soke shi, amma bai je ba. Kullum yakan ce gobe. Yakan hau matakala da niyya, ya tarar da Yaya na waya, ya gaishe shi ya sauko. Ya koyi shiga ɗakin Inna da kansa a ƙasa, sai ta juya sannan ya saci kallon sama. Wani lokacin yana cikin ba ta labari sai ya ɓace a tsakiya, kunnensa na can yana sauraron ko zai ji motsi a cikin silin. Inna ta ce, "Auta, yau kuma ina ka tafi?" Ya ce gajiya ce.

Abin haushi, har yabo ya samu. Yaya ya sauko wata rana, idonsa ya yi zagayen da ya saba, ya tsaya a sama.

"Kai, Auta, ka kyauta. Ɗakin ya yi haske."

"To, Yaya," in ji Auta, gumi na bin bayansa.

A cikin wannan hali ne Yaya ya gaji da ƙarancin ruwa, ya sa aka ɗora babban tanki a kan rufin bene, da sabon inji mai tura ruwa. Matar Yaya ta sauko tana murna, wai yanzu in ka buɗe famfo har tsalle ruwan ke yi. Auta ya taya ta murna da baki. Ya san bututun da ke tsiyaya da raunin ruwa, ba zai yi sauƙi da ƙarfinsa ba.

Yana kan tsani a wani sabon gini a ƙarshen gari, rana ta take tsaka, wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Ba ta ko yi sallama ba.

"Ka zo yanzu. Silin ya yi ciki."

"Ya yi me?"

"Ciki! Ya sauko kamar cikin saniya, a kan gadon Inna. Fanka ta karkace. Na yi na yi in ɗaga ta na kasa, ta ce kada in taɓa mata ƙugu sai ka zo. Yara na makaranta, sama a kulle, duk sun fita."

"Kashe wutar gidan daga babban makunni. Kada ki taɓa fankar. Ga ni nan."

Ya bar rola a cikin bokiti, ya diro. Bai san yadda ya tare babur ba. A hanya motoci suka cushe a mararraba, wata babbar mota ta mutu a tsakiya, ya ji kamar ya sauka ya ruga da ƙafa. Yana ta ce wa mai babur ya kutsa, mai babur na cewa shi ma yana da iyali. Abin da yake gani kawai allunan nan ne, da nauyin ruwan da ya san ya tara musu da hannunsa.

Ya tarar da ɗakin da duhu-duhu. Matarsa na tsaye a gefen gado, ta buɗe lema a kan Inna, kamar lema za ta tare abin da ke sama. Ya ɗaga kai. Silin ɗin ya lotso ƙasa, santsi, fari, ba ko ɗigo ɗaya. Fentinsa ya riƙe, ya miƙe kamar fata, yana ɗauke da ruwan duka. Ƙusoshin gefe sun fara zamewa, ana jin katako na ƙara a hankali, ƙis, ƙis.

"Ka iso?" in ji Inna, tana kwance tana kallon sama. "Tun ɗazu nake ce wa matarka, ɗakin nan ya kusa haihuwa."

"Inna, riƙe wuyana."

"A hankali da ƙugun."

Ya zura hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta. Dole ya sunkuya daidai ƙarƙashin cikin silin, yana jin sanyinsa a ƙeya. Ta yi ƙara da ya ɗaga ta, ta cije leɓe. Carbinta ya maƙale a ƙarfen gado, ta ce a tsaya, matarsa ta fizge shi. Ya ja da baya da ita, taku ɗaya bayan ɗaya, bai yarda ya kalli sama ba har ya wuce bakin ƙofa. Ya kwantar da ita kan doguwar kujerar falo.

Matarsa ta miƙo masa waya. "Kira Yaya. Makullin sama na wurinsa, tankin can yake. Sai an rufe ruwan."

Nan fa mai hankali zai karɓa. Auta ya dubi wayar, ya dubi ƙofar ɗakin, sai shaiɗanin sana'a ya raɗa masa cewa har yanzu da sauran dabara. In ya huda cikin ya zubar da ruwan, allon zai koma, ya tokare shi da katako, ya toshe, ya shafa. Kafin Yaya ya dawo kasuwa ba wanda zai sani.

"Kawo baho da bokitai," ya ce.

"Ka haukace ne?"

"Kawo, na ce!"

Bai taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ta kawo, tana hawaye don haushi. Ya ja wajen ƙafafun gadon gefe, wajen kai bai gusa ba, ya jera bahon wanki da bokitan fenti a ƙasa, ya kafa tsani, ya hau da doguwar ƙusa a hannu. Ya soka ta a tsakiyar cikin. Fentin ya yi tauri, sai da ya murza. Ruwa ya tsinke, baƙi, mai warin ruɓaɓɓen katako, ya bi hannunsa har hammata. Baho ya cika, matarsa ta ja ta zubar a tsakar gida, ta dawo. Bokiti ya cika. Ya ƙara huda wani wurin. Suka yi ta kwasa, ruwan bai ragu ba, don abin da yake fitarwa ta ƙasa tankin Yaya na mayarwa ta sama.

"Baban yara, sauko. Don girman Allah sauko."

"Saura kaɗan."

Bai rufe baki ba ya ji ƙarar da ba ta yi kama da ta ɗazu ba. Allon da ke riƙe da fanka ya yage daga ƙusoshinsa. Fankar ta faɗo kan gadon ƙarfe, daidai inda matashin Inna yake, sauran allunan suka biyo ta da ruwan gaba ɗaya. Tsani ya kife. Auta ya sami kansa a ƙasa cikin ruwa, goshinsa ya fashe, jini na shiga masa ido.

Daga falo ya ji muryar Inna, ba irin ta wasa ba, muryar da bai ji ba tun yana yaro.

"Auta! Auta! Ku gaya mini yana da rai! Auta!"

Ya rarrafo ya fito. Ya tarar ta zamo daga kujera tana jan jiki da hannuwa a kan daɓe, da karyayyen ƙugun nan, za ta je wurinsa. Ya durƙusa ya rungume ta, ruwa na malalowa daga ɗakin yana jiƙa su duka biyu. Da ya mayar da ita kan kujera, ya miƙa wa matarsa hannu ba tare da ya dube ta ba. Ta sa masa wayar.

"Yaya," ya ce, "ka zo gida. Ka zo da makulli."

Yaya ya iso da gudun da bai dace da shekarunsa ba. Ya fara duba Inna, ya tattaɓa ta, sannan ya haye sama ya rufe tankin. Ƙarar ruwa ta yi ta raguwa har ta koma ɗiga. Ya sauko ya tsaya a ƙofar ɗakin, takalminsa cikin ruwa. Ya dubi fankar a kan matashi. Ya daɗe yana dubanta. Sai ya sunkuya ya ɗauki ɓallin allo, ya juya shi. Bayan allon baƙi ƙirin ne, ya ruɓe har yatsa na shiga. Gabansa kuwa fenti ne hawa-hawa, kamar ɓawon albasa, ya ɓanɓare shi da farce yana kallo.

"Tun yaushe?"

Auta na tsaye da tsumma a goshi. "An daɗe."

"An daɗe. Ruwan banɗakina na zuba a kan uwata, ina hawa ina sauka, ina yaba maka haske, kai kana shafe mini ido da fenti?" Ya nuna masa ɓallin allon. "Na taɓa hana ka wani abu? Na taɓa cewa ba zan gyara ba? Me na yi maka, Auta?"

"Ba ka yi mini komai ba."

"To don me?"

Amsar da ya saba ta zo bakinsa, ya haɗiye ta. "Don za ka ɗauke ta. Kai kana da komai, Yaya. Ni ita kaɗai gare ni."

Yaya ya dubi ƙaninsa kamar yau ya fara ganinsa. Fushin bai tafi ba, amma wani abu ya shiga cikinsa. Ya jefar da ɓallin allon cikin ruwa.

"Da ka rasa ta gaba ɗaya, ka sa ni ma na rasa ta," ya ce a hankali. "Ba za ta kwana cikin danshin nan ba. In an gyara ɗakin, ita ta zaɓa. Ba zan sa baki ba."

Ba wanda ya yi musu, har Inna. Yaya ya ce a nemo maƙwabta a ɗauke ta a kujera, Auta ya ce a'a. Ya durƙusa, matarsa da matar Yaya da ta dawo suka ɗora masa ita a baya, suka tallafe ƙugun. Ya hau da ita matakalar nan da ta ƙi hawa shekara da shekaru, yana tsayawa a kowane taki don kada ta girgiza. Numfashinta na dukan wuyansa. A tsakiyar hanya ta ce, "Ka rame, Auta." Ya gyara riƙonta, ya ci gaba da hawa.

Washegari Gajere ya zo da guduma. Ya shiga ɗakin ƙasa ya ɗaga kai, ya dubi Auta, ya ce, "Ashe wanin nan dogo ne." Bai ƙara ba. Ya ɗaga tayil ɗin banɗakin Yaya, ya fasa daɓe, ya bi bututu har ya sami gwiwar da ta tsage, tsagar da ba ta fi tsawon farce ba. Ya yanke ya sa sabuwa, ya sake ruwa, ya hana a rufe ramin sai da aka ga wurin ya kwana a bushe.

Sauran aikin na Auta ne, kuma bai bar kowa ya taya shi ba. Ya sauke ragowar silin, ya ɓalle katakan da suka ruɓe ya ƙone su. Ya fitar da katifa da sif rana. Ya kankare bangon har sai da ya kai ga siminti, ya sassaƙe filastar da ta kumbura, ya wanke fumfunar da ruwan bilic har idonsa ya yi ja. Aka zo aka sake wayoyin wuta. Sannan ya buɗe taga da ƙofa ya bar ɗakin tsirara.

Wannan jiran shi ne ya fi ba shi wuya. Mai fenti ya ga bango a tuɓe bai shafa ba, kamar tela ce ta ga yagaggiyar riga ta zauna. Kullum da safe sai ya shiga ya manna tafin hannu a bango, ya ji sauran sanyi, ya fita. Yakan liƙa ɗan yankin leda a siminti ya bar ta, in ya dawo ya ga gumi a bayanta, ya san da saura. Matarsa ta ce yau ga mai fenti na tsoron fenti. Ya ce ta bar shi, wannan karon ba zai rufe komai da rai ba.

Yana hawa sama safe da yamma da kwalbar man zafi. Matar Yaya na karɓarsa da fara'a, ta kawo masa kujera. Nan ne abin yake, kujera ake kawo masa, kamar baƙo. Wani lokaci ya tarar an riga an mulke ƙafar. Ya ba da labarin gidaje, amma 'ya'yan Yaya na shiga suna fita, talabijin na yi, labarin ba ya zama. Yakan ƙare da gaya mata inda aiki ya kai: an sa katako, an kafa allo, an yi filasta. Ta ce, "Sannu, Allah ya yi albarka."

Da ledar ta wayi gari a bushe, ya shafa fentin ruwa mara kauri, mai barin bango ya yi numfashi. Ya bar ƙaramar ƙofa a kusurwar silin, wadda za a iya ɗagawa a leƙa. Ya mayar da gadon ƙarfe, ya miƙe inda fanka ta lanƙwasa shi. Matarsa ta ɗinka sabon labule da rigar matashi. Ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, ya hau.

Ya sami Inna a zaune. An jingina ta da matasai a bakin taga, inda ake hango titi har mararraba. Fuskarta ta yi haske, tarin nan ma ya ragu. Tana ganinsa ta yafito shi.

"Zo ka gani, Auta. Ka ga mai kayan miyan can? Tun safe suke faɗa da mai gyaran takalmi a kan inuwa. Ashe haka duniya ta cika ban sani ba. Ɗazu ma na hango ka ka dawo, tun daga kwana na gane tafiyarka."

Ya zauna bakin gadon. "Inna, ɗakinki ya gamu. Ya bushe sarai. Gobe in kin shirya sai in sauko da ke."

Ta kama hannunsa, ta juya shi, tana murza farin da ya maƙale a gefen farcensa da babban yatsanta. Yaya na tsaye a bakin ƙofa, ya ji zancen, ya juya ya bar wurin kamar yadda ya yi alkawari.

"Ka sha wahala," ta ce. "Na sani." Ta ɗaga ido ta dubi bangon da ke kewaye da ita. "Wannan ɗakin fa, launinsa bai yi mini ba. Wanda ya shafa shi ba shi da hannu. Yaushe za ka sami sarari ka zo ka shafa mini shi?"

Auta ya dubi bangon. Ba abin da ya same shi, fentin lafiya lau yake. Ya gane a nan ta zaɓi zama. Hannunsa na cikin nata, ba ta sake shi ba.

"Wane launi kike so, Inna?" ya ce.